Abin da Leɓena Ya Faɗa

Yana shekara shida sanƙarau ya shigo gidanmu a Gangare,
ya ɗauke kunnen Tanimu, ya bar mana sauran yaron.
Ni ina da tara.
Inna ta sa hannunsa cikin nawa, ta ce,
"Daga yau ke ce kunnensa."
Ba ta tambaye ni ba. Wa ke shawara da kunne?

Na ji masa hon ɗin mota a titin Bauci,
na ji masa kiran salla, na ja shi da gefen riga,
na ji masa zagin yara a bakin famfo,
wannan kam ban taɓa fassara masa ba.
Sunana a wurinsa tabon da ke girata ne:
in ya taɓa girarsa ta hagu sau biyu, ni ke nan.

A Dilimi ya girma, cikin matattun rediyoyi,
kurma mai gyaran murya.
Yakan ɗora tafinsa a kan sifika, ya lumshe ido,
in ta yi rawa a fatarsa, ya san ta farfaɗo.
Da tafin nan aka biya mini kuɗin makaranta,
tsofaffin takardu masu warin dalma,
a ƙulle cikin ledar burodi.

Ranar Talata ce, sanyin Jos na sara har ƙashi.
Na manta rigar sanyina a kan igiya.
Ya rufe shago, ya hau keke har Naraguta,
ya hango ni cikin ƙawaye a ƙofar jami'a,
sai ya kira ni da muryar nan tasa
wadda rabonsa da jin ta shekara goma sha biyar,
mai fita kamar ƙyauren da ya sha damina.
Kowa ya waiwaya.
Nanret ta ce, "Wane ne wannan?"
Na ce, "Wani ne ɗan unguwarmu."

A hankali na faɗa. Wallahi a hankali.
Na manta ba da kunne yake ji ba.
Leɓen nan shi ne allonsa tun yana ƙarami,
a kansa ya koyi ruwa, ya koyi wuta, ya koyi Inna ta rasu.

Ya miƙo rigar a ninke.
Bai taɓa girarsa ba.
Ya ɗan rusuna, irin gaisuwar baƙo, ya juya.

Da dare na tarar da kasona na soyayyen dankali
a rufe, kamar kullum, har da yajin.
Na tsaya a gabansa hannuwana na rawa.
Mun ƙirƙiro alamar yunwa, da ta ruwan sama,
da ta mai haya idan ya zo karɓar kuɗi,
amma "ka yafe mini" ba mu taɓa yi mata alama ba.
Ba mu zaci za ta yi rana ba.

Bayan sati na ja Nanret har Dilimi
da wata rediyon kakarta da ta yi shiru.
Na fuskance shi sosai, na buɗe baki yadda zai gani:
"Ƙanena ne. Ciki ɗaya.
Duk layin nan babu hannu irin nasa."
Ya dubi leɓena har na gama.
Ya kwance rediyon, ya busa, ya ɗiga dalma,
ta yi tari, ta kama labaran rana.
Nanret ta riƙe baki.
Ni kuwa ƙirjina ya cika, har na rasa inda zan sa shi.
Ya rubuta kuɗinsa a bayan kwali, bai rage ko sisi ba.

Har yanzu yana ajiye mini dankali.
Har yanzu ledar burodi na zuwa farkon zango.
Ni da aka naɗa kunne
na koma ido zalla,
ina zaune a bakin shago, cikin hayaniyar da ba ya ji,
ina gadin girarsa ta hagu.